Bayani Game da Maɓallan Zafi da Sanyi na Cikin Mota, da Maganin Gumin Gilashi

A cikin watan Agusta, sa'ad da marka ta kankama, 'yan kasuwa masu sammako daga Kano zuwa Jos su kan gamu da wani abu wanda kowane matafiyi ya sani, amma kaɗan ne suka san sababinsa. Mota ta ɗauki mutum biyar ko shida, an tashi da asuba, an wuce Kwanar Dangora, ana shiga dajin Falgore sai ruwa ya goce. Kowa ya ɗaga gilashinsa ya rufe ruf. Ba a yi minti biyar ba sai gilashin gaba ya soma fari daga ciki. Direba ya sa hannun riga ya goge, ya ɗan ga hanya, ta sake ɓacewa. Na kujerar gaba ya ciro tsumma ya shiga taya shi, fitilar motar da ke tahowa ta watsu bisa gilashin, mota kuwa ba ta fasa gudu ba.

To, motar da ke tafiyar kilomita 80 a awa tana cin mita 22 cikin sakan guda. Watau direban da ya yi sakan biyar ba ya gani, ya yi tafiyar fiye da mita 100 a makance, da rayukan mutane a bayansa. Maganin abin kuwa yana nan kusa da gwiwarsa, waɗansu maɓallai ne uku ko huɗu, waɗanda watakila tun da ya sayi motar bai taɓa waɗansunsu ba. Gaskiyar masu iya magana da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Sababin wannan rashin sani a fili ya ke. Galibin motocin da a ke hawa a ƙasar Hausa na hannu ne, an shigo da su daga Turai ko Amurka ta Kwatano da Ikko. Littafin bayanin da ke zuwa da su ya ɓace, ko kuwa yana nan da Jamusanci ko Faransanci. Maɓallan kuma ba rubutu gare su ba, sai alamu. Yaron mota ya kan koyi sitiyari da giya da birki wurin ubangidansa, amma ba safai a kan koya masa sha'anin iskar cikin mota ba. Da yawa sun ɗauka ɓangaren ja na Turawa ne masu dusar ƙanƙara, ɓangaren shuɗi kuwa na masu hali ne. Alhali iskar da mutane ke shaƙa cikin mota, da gilashin da direba ke gani ta cikinsa, duk amana ce a hannunsa, kamar yadda birki ya ke amana.

Fasali na farko: sanin maɓallan

Ko da ya ke motoci sun sha bamban, aikin maɓallan ɗaya ne. Na farko shi ne mai launi biyu, shuɗi da ja: shuɗi sanyi, ja zafi, tsakaninsu kuwa gauraye. A sababbin motoci a kan ga lamba maimakon launi, kamar 22, watau digirin da a ke so. Na biyu mai hoton fanka, shi ke ƙara ƙarfin iska ko ya rage. Na uku mai hoton mutum a zaune da kibiya, shi ke zaɓen inda iska za ta fita: fuska, ko ƙafa, ko duka biyu, ko gilashin gaba. Alamar gilashin gaba ta yi kama da mafici buɗaɗɗe, da kibau uku masu lanƙwasa suna hawa sama.

Bayan waɗannan akwai ƙanana uku da a ke dannawa. Ɗaya an rubuta masa A/C, ko an zana ƙwayar dusar ƙanƙara, shi ke tada na'urar sanyi wadda direbobi ke kira esi. Ɗaya mai hoton mota da kibiya ta juyo a cikinta, shi ke rufe ƙofar iskar waje, ya bar ta ciki tana kewayawa. Ɗaya kuwa mai kusurwa huɗu da kibau uku, na gilashin baya ne. Kowannensu yana da 'yar fitila, in ta kama yana aiki.

Fasali na biyu: inda zafi ke fitowa

Injin mota wuta ce a ke hurawa a cikinsa, sabo da haka a ke zagaya shi da ruwa. In injin ya ɗau zafinsa na aiki, ruwan nan ya kan kai wajen digiri 90. Daga nan ya tafi lagireto iska ta fifita shi, ya komo. Maƙeran mota suka ga bai kamata wannan zafi ya tafi a banza ba, sai suka ja ɗan bututu zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye bayan maɓallan nan. In an murɗa zuwa ja, fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta fito da ɗumi. Wannan ita ce hita.

Mai karatu ya fahimci abu uku daga nan. Na ɗaya, hita ba ta ba da zafi sai injin ya ɗumama. Wanda ya tada mota da sanyin asubar hunturu ya murɗa fanka ƙarshe nan take, ɗari zai ƙara wa kansa. Ya yi haƙuri 'yan mintoci. Na biyu, a motar fetur ko gas hita kusan ba ta shan mai, domin zafin da ma zubar da shi za a yi. Na uku, in allurar zafin injin ta hau a hanya, kamar a hawan dutsen Jos da lodi, sai a kashe esi, a murɗa hita ƙarshen ja, a buɗe tagogi, domin ta janye wani abu daga zafin injin kafin a sami wurin tsayawa. In an tsaya kuwa kada a kuskura a buɗe murfin lagireto sai ya huce, gama ruwan a matse ya ke, ya kan yi tsalle ya ƙona fuska.

Akwai makanikai masu cire ɗan ƙyauren da ke tsare zafin injin, wanda a ke kira tamostat, ko su toshe bututun hita, wai ƙasarmu ba ta sanyi. Mai sayen mota ya gwada ɓangaren ja tun kafin ya biya, domin amfaninsa zai zo a fasali na huɗu.

Fasali na uku: inda sanyi ke fitowa

Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokitin ƙarfe sanyi. Dalili kuwa, randa tana tsattsafo, kuma ruwan da ya tsattsafo in zai bushe sai ya tafi da zafi. Haka gumi ke yi wa jikin mutum. A bisa wannan asali aka gina esi, sai dai maimakon ruwa wani gas ne a rufe cikin bututu. Injin yana juya wata na'ura mai suna kwamfiresa da bel, ita ta matse gas ɗin ya yi zafi, a kai shi gaban lagireto ya huce ya zama ruwa-ruwa. Sa'an nan a sake shi ta wata 'yar kafa zuwa cikin waɗansu bututai da ke bayan maɓallan, ya koma tururi, ya sanyaya su ƙwarai. Fanka ta bi da iska ta kansu, ta fito da sanyi.

Ga wata fa'ida wadda ita ce kan zancen. Iska in ta taɓa bututan nan masu sanyi ta kan zubar da laimar da ke cikinta. Ruwan da a kan gani yana ɗiga ƙarƙashin mota mai esi ke nan, ba lalacewa ba ce. Ashe esi aiki biyu ta ke yi, tana sanyaya iska, tana kuma busar da ita. Hasali ma domin busarwa aka fara ƙera ta. A shekarar 1902 wani injiniya Ba'amurke, Willis Carrier, ya haɗa irin wannan na'ura sabo da wata maɗaba'a a Brooklyn ta birnin New York, inda laima ke sa takarda ta kumbura ta motse, launukan tawada su ƙi hawa daidai. Duk marubucin da ya taɓa fama da takarda da tawada cikin damina ya san wannan ciwo. Kamfanin Packard ne ya fara sa ta cikin motocinsa a 1939, kamfanin Nash kuwa a 1954 ya haɗa hita da esi da fanka wuri guda a gaban mota, kamar yadda a ke gani har yanzu.

Esi dai tana shan mai, wannan gaskiya ne, domin injin ke juya ta. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023, direbobi da yawa sun yi sallama da ita. Mai tattali bai yi laifi ba. Amma akwai wurin da tattalin ke zama neman gira a rasa ido, shi ne wanda ke tafe.

Fasali na huɗu: gumin gilashi da maganinsa

Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar laima. In an auna iska mai mita guda a tsawo da faɗi da tsayi, a digiri 30 tana iya riƙe ruwa wajen giram 30, kimanin cokali biyu na cin abinci. A digiri 20 giram 17 ta ke iyawa, a digiri 10 kuwa giram 9 kaɗai. Sabo da haka iska mai ɗumi da laima in ta taɓa abu mai sanyi, dole ta sauke rarar da ta fi ƙarfinta. Haka raɓa ke sauka bisa ciyawa da asuba, haka kwalbar da aka ciro daga firji ke yin gumi.

A motar nan ta dajin Falgore, ruwan sama ya sanyaya gilashi daga waje. A ciki kuwa mutum shida suna numfashi, kowane numfashi cike da laima, ga jiƙaƙƙun riguna da takalma, ga tagogi a rufe. Laimar ba ta da wurin sauka sai gilashi. Gogewa da tsumma ba ta raba, domin numfashi bai tsaya ba, kuma tsumma ya kan bar maiƙo wanda ke watsa hasken fitila da dare. Abin da ke raba shi ne a busar da iskar, a kuma ɗumama gilashin. Ga yadda a ke yi, bi da bi.

Da fari a juya maɓallin hanyar iska zuwa alamar gilashin gaba. Na biyu a danna A/C. Na uku a kashe mai kewaya iskar ciki, a tabbata fitilarsa ta mutu, domin iskar waje ta shigo, ta numfashi ta fita. Na huɗu a ƙure fanka. Na biyar a karkata maɓallin launi wajen ja. Cikin ɗan lokaci kaɗan gilashi zai soma washewa daga ƙasa yana hawa. In ya washe sai a rage fanka, amma a bar A/C da iskar waje muddin ana ruwa. Motoci da yawa su kan yi na biyu da na uku da kansu da zarar an zaɓi alamar gilashi.

Wani zai yi mamaki, ya ce ina esi ina hita a lokaci guda, ai kishiyoyi ne. Amsa ita ce, iskar ta kan fara bi ta kan bututai masu sanyi ta zubar da ruwanta, sa'an nan ta bi ta hita ta yi ɗumi, ta fito busasshiya mai ƙishirwa, ta lashe abin da ke jikin gilashi. Kamar mai wanki ne, ya matse tufa tukuna, sa'an nan ya shanya a rana. Man da wannan zai ci na 'yan mintoci bai kai kuɗin fitila guda ta mota ba, balle rai.

In esi ta mutu, sai a yi da hita da fanka, a sauke tagogi biyu kamar faɗin yatsa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In hita ma babu, a sauke tagogin, a hura iskar waje bisa gilashi. Jiƙewar kafaɗa ta fi faɗawa rami. In duk an yi hanya ba ta bayyana ba, sai a sauka daga kwalta sarai, a kunna fitilun gargaɗi masu ƙiftawa, a jira.

Tanbihi. Wani lokaci gumin daga waje ya ke. Wannan ya kan faru da damina, musamman ga masu zuwa Kurmi, in esi mai tsananin sanyi tana bugun gilashi, iskar waje kuwa ɗumi da laima. A gwada da waifa: in ta share shi, na waje ne. Maganinsa a rage sanyin, a kawar da iskar daga gilashi zuwa fuska ko ƙafa. Hazon hunturu kuma wani abu ne dabam, ƙura ce a sararin sama, babu maɓallin da ke kawar da ita. Sai rage gudu da kunna fitila ƙasa-ƙasa. In kuwa gilashi yana yin wani gumi mai maiƙo, da wani wari mai zaƙi-zaƙi, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to ƙaramin lagireton hita ne ke yoyo, sai a kai gareji.

Gilashin baya kuwa, siraran layukan da ke kwance a jikinsa wayoyin lantarki ne. In an danna maɓallinsa su kan yi ɗumi su busar da gumin, kuma a yawancin motoci ya kan kashe kansa bayan minti goma ko sha biyar. Mai lodi ya lura kada kwali ko buhu su riƙa gugar layukan daga ciki, kada kuma a kankare su da reza garin cire takardar manne, domin layin da ya tsinke ya daina aiki. Waɗanda fatauci ko karatu ya kai su ƙasashen ƙanƙara, in sun tarar gilashi ya daskare da safe kada su zuba masa ruwan zafi, ya kan tsage. Su tada injin a fili, su sa iska mai ɗumi bisa gilashi, su jira.

Fasali na biyar: iskar ciki, barci, da hayaƙi

Maɓallin da ke rufe iskar waje yana da ranarsa. In an shiga ƙurar hunturu, ko an biyo bayan babbar mota mai hayaƙi, ko an tsaya cikin cunkoso, shi ne garkuwa. Kuma yana sa esi ta yi saurin sanyaya mota. Amma illarsa ga mai doguwar tafiya babba ce. Iskar da numfashi ke fitarwa, wadda masana ke kira kabon dayoksaid, a sarari wajen kashi 4 ce cikin 10,000, a numfashin mutum kuwa kashi 4 ce cikin 100, watau ninki ɗari. Mota cike da mutane in an rufe ta haka awa da awanni, wannan iska ta kan taru, kai ya yi nauyi, hamma ta yawaita. In aka haɗa da ɗumin hita da cikakken ciki da tafiyar dare, to an shimfiɗa wa direba tabarma. Sabo da haka da an wuce ƙura ko hayaƙi sai a kashe shi. Direban da gyangyaɗi ya soma ɗauka kuwa, goro da iska mai sanyi jinkiri kaɗai su ke yi masa. Ya tsaya ya runtsa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne hayaƙin salansa. A cikinsa akwai wata guba, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari, ita ce dai ke hallaka mutanen da suka kwana da janareto a ɗaki. Jini ya fi kama ta fiye da iskar rayuwa sau ɗari biyu da wani abu. Ta kan shigo mota in salansa ta huje, ko ƙasan mota ya yi tsatsa, ko an cika but da kaya an ɗaure shi a buɗe, domin iskar bayan mota mai gudu ta kan juyo da hayaƙi ciki. Alamunta ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala. In mutanen mota suka soma kukan ciwon kai gaba ɗaya, a buɗe tagogi, a tsaya, a fita, wanda ya galabaita a kai shi asibiti. Kada wani ya kwanta cikin mota injin yana aiki domin ya sha esi ko hita, balle a cikin gareji ko zaure rufaffe.

Fasali na shida: bazara

A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu ya kan haura digiri 40. Motar da aka ajiye a rana a rufe, cikin minti goma zafin cikinta ya kan ƙaru da wajen digiri goma, kafin awa guda ya kan wuce 60. Wanda zai shiga irin wannan mota ya buɗe ƙofofi tukuna, ya soma tafiya da tagogi a sauke, esi tana aiki da iskar waje. Bayan minti biyu ko uku sai ya rufe, ya danna mai kewaya iskar ciki. Haka ya fi saurin sanyi, ya kuma fi sauƙin mai.

Jikin ƙaramin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi sau uku zuwa biyar, kuma ɗan sauke taga ba ya hana komi. Kada a bar yaro cikin mota a shiga kasuwa ko banki, ko da da niyyar fitowa yanzu-yanzu, gama ciniki ba ya sanin lokaci. An sha jin labarin yara da suka shiga motar da aka jingine a ƙofar gida suna wasa, ƙofa ta rufe da su. Mai mota ya kulle motarsa ko ta mutu, kuma in yaro ya ɓace a unguwa, a fara duba motoci.

Cikawa

Abubuwan nan suna son kulawa kaɗan. A wanke gilashi daga ciki, domin mai datti ya fi saurin gumi. A canja matatar iskar ciki, wadda galibi ta ke bayan akwatin gaban fasinja, musamman bayan hunturu. A tada esi kamar minti goma kowane mako ko da ana ɗari, domin man da ke cikinta ya zagaya, robobinta kada su bushe. Gas ɗin esi ba ƙonewa ya ke yi kamar fetur ba. In ya ƙare, akwai yoyo, kuma ƙara shi ba tare da toshe yoyon ba zuba ruwa ne a kwando. Irin gas ɗin kowace mota yana rubuce a wata takarda ƙarƙashin murfin injin. Tsohon iri, R-12, an bar shi bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987, aka koma R-134a, sababbin motoci da yawa kuwa R-1234yf su ke sha. Kada a gauraya su, kada kuma a yarda a ɗura gas na girki, wuta ya ke kamawa.

Mai mota, ko direba, ko ɗan kasuwar da ya saba zama kujerar gaba, ya ɗauki rabin awa wata rana da mota a tsaye a fili, ya murɗa kowane maɓalli, ya sa hannu ya ji inda iska ke fita, har hannunsa ya san wurinsu ba sai ya duba ba. Sa'an nan ya koya wa yaronsa. Ranar da ruwa ya goce a dajin Falgore ba ranar koyo ba ce. Allah Ya kai matafiya gida lafiya. Tamat.